Yadda ake zaɓen ƙaramin kesin da fanka wa kwamfutar kallo ta falo

Assalamu alaikum. Na daɗe ina haɗa wa mutane irin wagga kwamfuta a nan Birnin Kebbi, wadda ake ajewa ƙarƙashin talabijin a falo don kallon fina-finai da ƙwallo da karatun malamai, yara ma su samu abin kallonsu. Kuma kusan duk wanda ya zo wurina magana ɗaya ce a bakinshi, yana son ƙarama, kyakkyawa, wadda ba ta ƙara. Duka ukun suna samuwa, amma ba ta hanyar da mutane ke bi ba, wato a ga hoton kesin, akwatin da ake jera kayan kwamfuta ciki, a intanet a ce shi nake so a tura kuɗi.

Ga inda matsalar take. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka suna yi ne a ɗaki mai sanyi, digiri 21 ko 22. Mu kuma daga Maris zuwa Mayu zafin gari na wuce 40, falo mai rufin kwano da rana tsaka ba a magana. Kuma fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ɗiba ta hura wa ƙarfe. To idan wani ya nuna maka furosesa ɗinshi, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta tsaya a digiri 70 a ɗakin da ke 22, ka sani a falonka mai 40 wannan kayan zai kai 88. Lissafin ke nan, babu wani siddabaru ciki. Ka ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe kowace kafa, sai ka gane dalilin da ya sa zaɓenmu dole ya bambanta da nasu.

Kayan da za ka tanada kafin komai

Tef ɗin awo, ko da irin na tela ne, amma mai santimita. Takarda da biro, don duk awon da ka yi ka rubuta, kar ka dogara da kai. Sukundireba mai bakin sita, matsakaiciya, in da hali mai maganaɗisu a baki domin cikin ƙaramin kesin idan noti ya faɗa sai ka juye komai kafin ya fito. Man furosesa, wanda masu gyara ke ce ma tamal fes, shi ake sawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke ɗebe mata zafi. Sifirit na kemis da ƙyalle mai tsabta marar gashi, don goge tsohon man. Kebul tai na ɗaure wayoyi. Buroshin fenti ƙarami sabo, da bulowa in kana da ita. Tsinken turare guda ɗaya, zan gaya maka amfaninshi can gaba. Sai filas mai ɗauke da manhajar duba zafi, ni HWiNFO nake amfani da ita, kyauta ce, HWMonitor ma ta yi.

In babu kebul tai, wayar nan mai roba da ake ɗaure sabuwar caja da ita ta isa. Amma man furosesa ba shi da madadi, na ga wanda ya sa man goge baki, na ga wanda ya sa giris na mashin, duka biyun bushewa ko narkewa suke yi su bar ka da aiki biyu.

1. Auna wurin da za ta zauna

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa kuma shi ne uban saura. Je ka gaban talabijin ɗinka ka auna faɗi da tsawo da zurfin gurbin da kake son ajiye ta. Daga zurfin ka cire kamar santimita 8 zuwa 10 saboda wayoyin baya, kan wayar wuta da na HDMI ba sa lanƙwashewa daf da bango. Daga kowane gefe kuma ka bar aƙalla faɗin yatsu huɗu don iska. Abin da ya rage shi ne girman kesin ɗin da za ka nema, ba gurbin gaba ɗaya ba.

Sannan ka duba, gurbin nan a buɗe yake ko mai ƙofar gilashi ne? Bayanshi katako ne a rufe? Farkon wadda na haɗa a gida cikin irin dibaidar nan mai ƙofar gilashi na sa ta, tare da dikoda da sitabilaiza duk a gurbi ɗaya. Watan Afirilu ne, munka taru da dare ana kallon ƙwallo, ba a kai hutun rabin lokaci ba ta mutu ɗif. Da na buɗe ƙofar gilashin wani huci ya bugo min fuska kamar an buɗe tanda, murfin kesin ɗin kuwa ban iya ɗora tafin hannu a kai ba. Kayan ba su da laifi ko kaɗan, iskar da ta fitar ita take sake shaƙa har ta gaji. Washegari na kira kafinta ya yanke allon bayan gurbin gaba ɗaya, na fitar da sitabilaiza ƙasa, shi ke nan ba ta sake yi ba.

Don haka idan gurbinka a rufe yake, ko dai a yanke bayan, ko a cire ƙofar, ko ka ajiye ta a saman tebur a fili. In maigida ko uwargida ba su yarda a taɓa kayan ɗaki ba, to a huda ramuka biyu a allon baya, ɗaya ƙasa ɗaya sama, a sa ƙaramar fanka mai USB a na saman tana jan iska waje. Kuma kar a ajiye ta kai tsaye kan kafet, ko a ɗora ta bisa amfilifaya.

2. Rage zafin tun daga tushe

Kafin ka yi tunanin fanka, tambayi kanka mi za a yi da kwamfutar nan tsakani da Allah. Idan kallo ne kawai, Kodi da VLC da YouTube, ba ka bukatar furosesa mai ƙarfi, ba ka bukatar girafik kad, wato allon da ake ƙarawa daban don aikin hoto mai nauyi. Duk wat ɗin da kwamfuta ta ja daga soket zafi yake zama a cikin akwatin, to wanda bai ja da yawa ba ai ba shi da abin fitarwa da yawa.

Ga yadda nake raba su. Akwai Intel N100 da ya fito a 2023, wat 6 ne kacal a rubuce, kuma yana buɗe bidiyon 4K da kanshi, har da AV1, wani tsarin bidiyo da YouTube ke amfani da shi yanzu. Don kallo zalla ya wadatar. Sama da shi akwai na Intel masu harafin T a ƙarshen lambarsu, waɗannan wat 35 ne. Sai irin Ryzen 5 5600G na kamfanin AMD mai wat 65, ko Core i3-12100 mai wat 60, ga wanda ke son yara su ɗan buga gem marasa nauyi. Daga nan ni nake tsayawa. Duk abin da ya haura wat 65 a cikin ƙaramin kesin a garin nan, wahala kake saya wa kanka.

Idan tokumbo za ka saya, ka tabbata Intel ɗin daga zubi na 7 ne zuwa sama, wato lambarshi ta fara da 7, 8, 9 ko 10 zuwa sama, kamar i5-7500T. Daga nan ne sunka fara buɗe bidiyo mai nauyi irin wanda ake ce ma HEVC mai bit 10 da sashen hoto na cikin furosesa. Wanda bai kai nan ba, furosesa ce za ta ɗauki nauyin duka, ta yi zafi, fanka ta kama ihu, hoton kuma yana tsinkewa.

Kuma bari in faɗi gaskiya ko da za ta rage min aiki: mutane da yawa ba sa bukatar haɗa komai. Ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan, Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny, girmansu wajen lita 1 ne, an riga an yi musu lissafin iska daga kamfani, ana samunsu tokumbo a Kano da Abuja da Legas. In ka samu mai kyau ka canza mata man furosesa ka share ƙurar, ka gama. Ka dai duba tana da HDMI, don wasunsu DisplayPort kaɗai gare su sai ka nemi adafta. Sauran bayanin nan na wanda ke son haɗa tashi ne, ko don yana son sa had dis babba a ciki, ko don yana son ya riƙa canza kaya nan gaba.

3. Zaɓen kesin

Kesin yana bin girman madabod ne, wato babban allon da ake ɗora furosesa da sauran kaya a kai. Mini-ITX santimita 17 ne kowane gefe, Micro-ATX kuma 24.4 kowane gefe. Mini-ITX shi ke ba ka ƙaramin akwati na gaske amma ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu a nan, Micro-ATX kuwa ko'ina akwai, sai dai kesin ɗinshi ya fi girma. In wurinka zai ɗauka, kar ka ji kunyar ɗaukar Micro-ATX, sarari a ciki alheri ne a garin zafi.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi lambobi huɗu daga shafin kamfanin da ya ƙera kesin ɗin, ba daga bakin mai sayarwa ba. Na farko girman waje, ka gwada da awon da ka rubuta. Na biyu iyakar tsawon hitsink da zai shiga, a milimita, hitsink shi ne ƙarfen da ake ɗorawa bisa furosesa don ya ɗebe mata zafi. Na uku irin fawa fak ɗin da yake ɗauka, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Na huɗu fanka nawa ake iya ɗaura mishi kuma masu wane girma.

Misalai don ka ga yadda suke bambanta. In Win Chopin lita 3.3 ne, ya zo da fawa fak ɗinshi mai wat 150, amma hitsink ba zai wuce milimita 43 ba. Kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai ni ba na sa mishi abin da ya wuce wat 35 sai in falon na da esi. Fractal Design Node 202 wajen lita 10 ne, a kwance yake zama kamar dikoda ko a tsaye, hitsink har milimita 56, fawa fak ƙarami irin SFX. Cooler Master NR200 wajen lita 18, jikinshi duk huji ne kuma yana ɗaukar hitsink mai tsawo har milimita 155, ba ya kama da kayan falo sosai amma wajen shan iska ba daga nan ba. Sai SilverStone GD09 mai faɗin santimita 44, kamar amfilifaya, yana ɗaukar madabod babba da fawa fak na yau da kullum da hitsink har milimita 138. Wanda ke da babban teburin talabijin, irin wanga na ƙarshe ne ya fi kwanciyar hankali, don duk kayan cikinshi ana samunsu a kasuwa in wani abu ya lalace.

Abin da nake dubawa da ido: akwai huji daidai saman furosesa? Wannan shi ne mafi muhimmanci a kesin masu kwanciya, domin fankar hitsink ta sha iska daga waje kai tsaye. Kesin mai gilashi a gefe ko mai fitilu kala-kala, bar shi, gilashi ba ya shan iska kuma da dare hasken zai dame ku wajen kallo. Kesin marasa fanka gaba ɗaya, waɗanda jikinsu na alminiyam shi ne hitsink, suna da kyau kuma shiru suke, ƙura ma ba ta shiga sosai, amma iskar ɗaki kaɗai suka dogara da ita. Da N100 za su yi, da mai wat 65 a watan Afirilu ba zan ba ka shawara ba.

In ba ka samu ko ɗaya cikin waɗannan ba, kar ka fasa. Tsohon kesin na ofis siriri, irin wanda ake kwantarwa a ɗora monita a kai, yana yi, amma ka duba da kyau domin da yawa daga na manyan kamfanoni madabod da fawa fak ɗinsu na musamman ne, na kasuwa ba ya shiga ramukan notinsu.

4. Zaɓen hitsink da fankarshi

Dokar mai sauƙi ce: ɗauki mafi girman da kesin ɗinka zai ɗauka, ka bar kamar milimita 3 zuwa 5 tsakanin fanka da murfi. Idan fanka ta manne da hujin murfi tana yin wata ƙara siririya kamar ta sauro, da rana ba za ka ji ba, da dare in gida ya yi tsit ita kaɗai za ka riƙa ji.

Tsawon waɗanda anka fi sani: Noctua NH-L9i na Intel da NH-L9a na AMD milimita 37 ne. Thermalright AXP90-X47 milimita 47, kamar yadda sunan ya nuna, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Noctua NH-L9x65 milimita 65, NH-L12S kuma 70. Wanda ke zuwa a kwalin Ryzen, Wraith Stealth, wajen milimita 54 ne, to ka ga zai shiga Node 202 da ƙyar amma ba zai shiga Chopin ba. Kar ka raina na cikin kwali, in ya shiga kuma furosesa ba ta wuce wat 65 ba ka fara da shi, sai in ƙararshi ta dame ka ka canza.

Kurakurai biyu nake yawan gani a nan. Na ɗaya soket, wato mazaunin furosesa a kan madabod. Hitsink na AM4 daban, na LGA1700 daban, na LGA1200 da LGA1151 kuma ramukansu ɗaya ne. NH-L9i ma kanshi akwai wanda anka yi musamman don LGA1700, mai 17xx a sunanshi, in ka sayi tsohon ba zai hau sabon madabod ba. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton kwalin inda anka rubuta soket kafin a sa a mota. Na biyu ram, wato siraran allunan ma'adana da ake soka wa madabod kusa da furosesa, mai doguwar riga. Hitsink masu faɗi suna rufe saman ram, to ka sayi ram tsirara marar ado, tsawonshi wajen milimita 31 ne, yana shiga ƙarƙashin kusan kowanne.

Na ruwa fa? Ana yawan tambayata. Ba na sa shi a kwamfutar falo. Yana da famfo da ke ƙara ko da yaushe, yana cin wuri, kuma ranar da famfon ya tsaya babu mai gyara maka shi a kusa. Hitsink na ƙarfe kuwa ba ya mutuwa, fankarshi kaɗai ake canzawa.

5. Fawa fak

Na yau da kullum, ATX, faɗinshi milimita 150 da kauri 86. SFX ƙarami ne, 125 da 63.5. SFX na shiga gurbin ATX in an sa mishi faranti, amma ATX ba ya shiga gurbin SFX ko za a kwana ana turawa. An taɓa turo min ATX daga wata kasuwa bayan na yi bayani dalla-dalla, mai shagon ya ce ai duk ɗaya ne Alhaji, sai da kayan sunka yi mako biyu a hanya zuwa da dawowa. Tun daga nan hoto nake nema da tef a jikin kayan.

Wat 300 zuwa 450 ya ishe ka har da saura in babu girafik kad. Nemi mai tambarin 80 Plus, domin wanda ba ya ɓarnar wuta shi ne ba ya zafi. Akwai kuma hanyar da nake so ga masu ƙaramin wat, ɗan allon nan da ake ce ma picoPSU, ana soka shi a madabod sai a haɗa da adafta ta waje mai volt 12 kamar cajar laftof. Zafin adaftar yana waje ke nan, babu fanka, babu ƙara.

Gargaɗi mai girma ga masu sayen tokumbo: wasu tsofaffin fawa fak suna da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Kayan da sunka fito daga Amurka sau da yawa a kan 115 suke zuwa, kana jonawa za ka ji tas da hayaƙi. Duba kafin ka jona. Sannan ka sa UPS, na'urar nan mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko aƙalla sitabilaiza, domin ɗaukewa da kawowar wuta da sauyawa zuwa janareta sun fi zafi kashe waɗannan kaya. In inbata gare ka kuma ka ji fawa fak na wani zuuu duk lokacin da anka koma kan batir, inbatar ce ba mai tsabtatacciyar wuta ba, ka nemi wadda masu sola ke ce ma fiyo sain.

6. Hanyar iska da maganin ƙura

Iska tana bukatar ƙofar shiga da ƙofar fita. A garinmu ni ina sa fankar da ke turo iska ciki ta fi wadda ke fitarwa ƙarfi, kuma in sa raga a gabanta. Dalili shi ne idan iskar ciki ta fi yawa, ta kowace kafa waje take fita, ƙura ba ta samun hanya sai ta ragar. In ka yi akasin haka, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta ramin USB da duk wata tsaga. Na taɓa buɗe wata a Jega bayan hunturu ɗaya, tsakanin fanka da haƙoran hitsink ƙura ta yi wani dunƙule kamar audugar katifa, da yatsu biyu na ɗago ta gaba ɗaya a haɗe, ja-ja haka launin ƙasar waje.

Fanka babba mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu, iska ɗaya suke turawa amma babbar shiru take. In kesin zai ɗauki mai milimita 120 kar ka sa mai 80. Kaurinsu 25 ne a al'ada, akwai sirara masu 15 don matsattsen wuri. Sayi mai fil 4, ita ce madabod ke iya rage wa gudu yadda ya kamata. Don gane inda take hurawa, duba gefenta akwai kibiya, in babu to iska na fita ne ta fuskar da ke da sandunan da sunka riƙe motar.

In kesin bai zo da raga ba, yanki gidan sauro sabo ka ninka biyu ka manna da salatif ta waje inda za ka iya cirewa ka wanke. Kar ka sa soso ko yadi mai kauri, zai shaƙe ta. Ragar nan kuma tana hana kyankyaso da tsaka shiga, su ma suna son ɗumin fawa fak kuma sun ƙona da yawa.

7. Haɗawa

A ƙaramin kesin, komai a waje ake fara ɗaurawa: furosesa, ram, SSD (ma'ajiyar fayil marar juyawa), hitsink, duk a kan madabod tana bisa kwalinta. Cire ledar da ke manne ƙarƙashin sabon hitsink, wallahi ana mantawa da ita fiye da yadda kake zato. In hitsink ya zo da man a shafe kar ka ƙara wani. In babu, ɗiga kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, kar ka shafe da yatsa, matsi zai baza shi. Ɗaure notuna a gicciye kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai kallonta, har su kama. Wayar fankar ta shiga inda anka rubuta CPU_FAN.

Jona wayar wutar furosesa mai fil 8 da ƙananan wayoyin makunnin gaba tun kafin ka saka fawa fak, in ba haka ba hannunka ba zai kai ba. Tattara sauran wayoyi ka ɗaure su gefe, kada ko ɗaya ta ratsa saman fanka. In za ka sa had dis mai juyawa, sa mishi roba a wurin noti don kar ya riƙa girgiza tebur, kuma ka nesanta shi da hitsink, shi ba ya son wuce digiri 45 zuwa 50 na dogon lokaci.

8. Saita fanka a BIOS, sannan gwaji

Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, yawanci da danna Del ko F2 da zarar ka kunna ta, ka nemi wurin saitin fanka. Saitin kamfani yana ɗauka ɗakinka da sanyi, to tun kwamfuta ba ta fara komai ba sai ya ga 48 ko 50 ya ɗaga fanka. Ni ga yadda nake yi: kashi 35 cikin ɗari har zuwa digiri 55, ta hau a hankali zuwa kashi 60 a digiri 70, ta cika gudu a 85. In akwai wurin jinkirta hawa da sauka ka sa 'yan daƙiƙu, domin abin da ke damun kunne ba ƙarar ba ce, hawa da saukarta ne. Masu Ryzen su kunna Eco Mode, yana sauke mai wat 65 zuwa 45 kuma a kallo ba za ka ga bambanci ba. Masu Intel su rage iyakar wat ɗin da hannu in madabod ta yarda.

Yanzu gwaji, kuma a nan ne ake yaudarar kai. Kar ka gwada a buɗe bisa tebur da dare. Rufe murfin, kai ta ainihin gurbinta, ka jira ƙarfe biyu zuwa uku na rana, kashe esi, ka sa bidiyo mafi nauyi da kake da shi ya yi awa ɗaya HWiNFO na buɗe. In ta tsaya ƙasa da 80, alhamdu lillahi. Furosesa na Intel sukan fara rage wa kansu gudu a wajen 100, na Ryzen a 95, to in kana ganin 90 a kallo kawai akwai gyara.

Ga yadda za ka gane inda gyaran yake. Cire murfin ka ci gaba da kallon lambar. In ta faɗi da digiri 10 ko fiye, iska ce ba ta zagayawa, ƙara fanka ko gyara gurbin. In ba ta motsa ba, hitsink ne bai zauna daidai ba ko ya yi ƙarami, kwance ka goge da sifirit ka sake. Sai tsinken turaren nan: kunna shi ka kai kusa da hujin kesin, hayaƙin zai nuna maka inda iska ke shiga da inda take fita. In ka ga hayaƙin da ya fita ta baya yana zagayowa yana komawa ta gefe, gurbin ne ya yi matsi, ja ta gaba ko ka buɗe bayan.

9. Kula da ita

Daga Disamba zuwa Fabrairu ina wanke raga duk mako biyu, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Sauran shekara sau ɗaya a wata ya isa. Kafin zafi ya shigo, ƙarshen Fabrairu, a cire wuta a fitar da ita tsakar gida a buɗe a hure ta da bulowa, amma ka riƙe fanka da yatsa ko tsinke kada iska ta juya ta da gudu, yana lalata ta. In babu bulowa, buroshin fenti da famfon tayar keke sun yi. Man furosesa kuma duk bayan shekara biyu nake canzawa, ko in na ga lambar ta haura yadda na saba gani alhali ragar na da tsabta.

Abu na ƙarshe, ka yi wa mutanen gida bayani. Da na kai wa ƙanwar mahaifina tata a Argungu, na koma bayan mako biyu na tarar an lulluɓe ta da ƙyallen ado mai saƙa, don kar ta yi ƙura. Na ce Gwaggo, niyyar ta yi kyau, amma nan ne hancinta, in tana kunne a bar ta a buɗe, in an kashe ta huce sai a rufe. Ta ce to ɗan nan, ai da ka faɗa tun farko. Munka samu wani ƙusa a gefen teburin, nan take rataye ƙyallen in za a kunna.